Muryar Wa Muke Ji a Littattafan Tarihin Katsina?

Gabatarwa

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mafi yawan abin da muka sani game da Korau da Gozo da Ummarun Dallaje daga bakin mutane ya fito kafin ya shiga takarda. Saboda haka duk lokacin da na ɗauki littafin tarihin Katsina, tambayoyi uku nake yi masa: wa ya faɗi wannan magana, wa ya faɗa wa, kuma yaushe? Da wannan ma'auni zan duba wasu littattafai da malaman makaranta ke yawan dogaro da su.

Palmer da Bello Kagara

Zan fara da H. R. Palmer, wanda ya yi aikin mulki a Katsina tun farkon zuwan Turawa, ya kuma fitar da Sudanese Memoirs cikin juzu'i uku a 1928. Ba za a raina ƙoƙarinsa ba, domin ya tara jerin sarakuna da rubuce-rubucen malamai waɗanda da sun salwanta. Illarsa ita ce sau da yawa mai karatu ba ya iya rabe maganar mai ba da labari da ra'ayin Palmer, musamman ɗabi'arsa ta jingina asalin kowace sarauta ga baƙi daga gabas ko arewa. Sannan kada a manta da matsayinsa. Yana da hannu dumu-dumu wajen tuɓe Sarki Yero da naɗa Muhammadu Dikko a 1906. Dattijon da aka kira gaban irin wannan Bature ya ba da labarin sarauta, ai sai ya auna kalmominsa kafin ya furta.

Littafin Malam Bello Kagara kan rayuwar Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, wanda kamfanin Gaskiya ya buga a Zariya a 1951, ya sha bamban. Da Hausa aka rubuta shi, da alƙalamin mai Ganɗoki, wanda ya zauna a Katsina, ya san fada da mutanenta. A nan akwai murya, kuma tamu ce. Sai dai muryar fada ce. An buga shi shekara bakwai bayan rasuwar Dikko, a zamanin ɗansa Sarki Usman Nagogo. Wannan ba aibi ba ne, amma malamin da zai koyar da al'amarin 1906 daga cikinsa ya tuna cewa gidan Dallazawa, wanda ya riƙe sarauta kusan shekara ɗari, shi ma yana da tasa ruwayar.

Bala Usman da Ɗankusu

Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, Allah Ya jiƙansa, shi ne ya gyara wannan hanya. A cikin The Transformation of Katsina, 1400-1883, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981, ya bi garuruwa da ƙauyuka yana hira da dattawa, ya ambaci waɗanda suka ba shi labari, ya gwada ruwaya da ruwaya, ya kuma gwada su da rubuce-rubucen Larabci. Bai bar Turawa ba su ma. Ya yi maƙala ta musamman yana tantance abin da Heinrich Barth ya rubuta kan Katsina bayan zuwansa a 1851 da 1853, yana duba halin da baƙon yake ciki da irin mutanen da ya zauna da su. Ta nan ne ya nuna cewa jihadi a Katsina ba rikicin ƙabila biyu ba ne kawai, yana da saiwa a cikin sauye-sauyen birni da karkara, da fatauci, da malanta.

Amma ko shi ina da ƙorafi a kansa. Littafin da Turanci yake. Dattawan da suka ba da labarin ba za su iya karanta shi ba, kuma lafazinsu ya koma taƙaitaccen bayani. Mun sami hujjarsu, muka rasa bakinsu.

Abin mamaki, a ƙetaren iyaka aka cike wannan giɓi. A 1970 aka buga aikin Isiyaka Ɗankusu a Yamai, wanda ya tattara labaran Katsinawan da suka yi ƙaura bayan jihadi suka kafa Maraɗi, da Hausa da fassarar Faransanci. Wanda ya karanta shi zai ji yadda jikokin waɗanda suka bar birnin suke ba da labarin da mu muke bayarwa ta wata fuska. Tarihin Katsina ba ya cika sai an ji ɓangarorin biyu.

Muryar da ba mu ji ba

Duk waɗannan littattafai maza ne ke magana a cikinsu, kuma kan sarauta da yaƙi. A gwada su da Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Baba ta yi bayanin aure da goyo da ƙawance da harin bayi, abubuwan da jerin sarakuna ba ya faɗa. Tsofaffin matan Yarinci da Gambarawa da Rafin Daɗi ba su gaza ta a sani ba, mu ne ba mu zauna gabansu da alƙalami ba.

Ni ma ina da laifi. Lokacin da nake aikin gwamnati na ɗauki hirar wani dattijo marini a kaset, yana ba ni labarin karofi da fataken da ke sayen baƙi. Da na zo rubutawa sai na mayar da maganarsa daidaitacciyar Hausa: inda ya ce tahi na sa tafi, inda ya ce mashi na sa masa, na zubar da karin maganarsa da rantsuwarsa don in taƙaita. Bayan shekaru na nemi kaset ɗin, na tarar zafi da ƙura sun cinye shi, shi kuma dattijon ya riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage a hannuna maganata ce, ba tasa ba. Barth kansa ya yaba wa Hausar Katsina a kan wadatar kalmomi da kyawun lafazi, ni ɗan gari na goge ta da hannuna.

Kammalawa

Shawarata ga malamai ita ce, kowane littafin tarihi za ku ba ɗalibai, ku fara koya musu tambayar wa ya faɗa. In kun tura su wurin kakanninsu, wayar hannu ta isa ɗaukar murya. A rubuta sunan mai magana da unguwarsu da sana'arsa da ranar hirar, a rubuta maganar yadda ta fito daga bakinsa, gyara da sharhi su zo daban, a kuma ajiye muryar a wuri fiye da ɗaya. Dattawan da suka ga zamanin Dikko da idonsu saura ƙalilan, kuma kowace damina raguwa suke yi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu.