Yatsan Bakanike a Kan Fok ɗin Kuloci

Sauke giyabos ba ƙaramin aiki ba ne. A mota irin Hiace ko Hilux sai an kwance farfela, an cire kik, an tallabe giyabos da jak, sannan a kai ga kuloci. Da zarar an kai, hankalin mai mota na kan sabbin kayan da ya sayo a Ƙofar Ruwa ko Panteka: filet, firesha da boris. Bakaniken da ya san hannunsa kuwa, kafin ya buɗe kwali, sai ya zura hannu cikin bakin giyabos ya zaro fok.

Fok wani ƙarfe ne mai yatsu biyu. Idan direba ya taka kuloci, waya ko matsin mai ne ke motsa gindinsa, shi kuma ya jingina a kan wani ɗan ƙarfe mai mulmulallen kai, yatsunsa su danna boris, boris ya danna firesha ya saki filet, giya ta samu hanyar shiga. Duk takun da direba ya yi a cunkoson Kano, ta jikin wannan ƙarfe yake bi.

Ana wanke shi da fetur, sai bakanike ya sa babban yatsa a ɗan ramin da ke zama kan mulmulallen ƙarfen. Abin da yake lalube shi ne zurfi. Goga ta shekaru tana cin wurin har ƙarfen ya yi siriri, wani lokaci ya tsage, wani lokaci ya ɓule. Sai ya ɗaga shi a hasken rana ya gwada yatsun biyu. In ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, boris zai riƙa tafiya a karkace, ya ci sabon firesha ta gefe guda. Yakan kuma taɓa ɗan sifirin da ke riƙe fok a mazauninsa, ya duba robar da ke toshe ƙofar da gindinsa ke leƙowa. Wannan roba an cika raina ta, alhali idan ta yage ƙurar hunturu ke shiga ta cakuɗe da giris, ta riƙa cin ƙarfe kamar samfefa.

Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da yake juyowa ya ce, "Alhaji, a ƙara da fok, wannan ya gama aiki." Ya san ana iya zarginsa da neman ƙari. Amma ya san abin da zai biyo baya idan ya yi shiru: giya ta ɗaya da ribas su riƙa gurnani kafin su shiga, feda ta yi tauri ko ta riƙa ƙara, a ɗora laifi kan sabon kuloci, a sake sauke giyabos saboda ƙarfen da kuɗinsa bai kai na aikin ba. Wasu sukan cike ramin da walda. Ƙwararre ba ya son haka, don zafi na iya lanƙwasa ƙarfen.

Wajen mayarwa ma akwai gwaninta. Giris mai jure zafi yake shafawa, ɗan kaɗan, a ramin da bakin yatsun da bututun da boris ke sulɓi a kai. In ya yi yawa zai fantsama kan filet, kuloci ya riƙa zamewa. Kafin yara su ɗaga giyabos, sai ya motsa gindin fok da hannu, ya tabbatar boris na kai da komo ba tare da cijewa ba.