Ja a hoton kwamfuta ba lallai haɗari ba ne

Ka taɓa ganin hoton gada ko injin mota da aka fitar daga manhajar kwaikwayo irin ANSYS ko COMSOL, an shafe shi da shuɗi da kore da ja? Idonka kan ja zai fara sauka, ka ce nan ne zai karye. To, yi hattara.

Galibin manhajojin nan, in ba a saita su ba, lamba mafi girma a lissafin suke ba ja, komai ƙanƙantarta. Ɗauki ƙarfen gini S275, wanda ke fara lanƙwasar da ba ta miƙewa idan matsi ya kai megafaskal 275. Sanda mai ɗauke da 40 za ta fito da ja, mai ɗauke da 400 ma haka. Ɗaya lafiyarta lau, ɗaya ta riga ta gaza, amma a ido tagwaye ne.

Wajen fitar da hoton ake ƙarasa ɓarnar. Sai a yanke ma'aunin launukan da ke gefe don rahoto ya yi kyau, ko a ajiye a JPEG, wanda ke dusashe ƙananan lambobi. Shi ke nan, an bar ka da launi zalla.

Su kansu launukan bakan gizon suna zana iyaka inda babu ita. Shi ya sa MATLAB ta sauya su a 2014, Matplotlib a 2017.

In kai ne mai fitarwa, tsayar da ma'auni ɗaya ga duk hotunan da za a kwatanta, ka bar shi a jikinsu, ka ajiye a PNG. In kuwa nuna maka aka yi, ka tambaya: jan nan nawa ne?