Tsoho da budurwa a fim ɗin raha: daga Sagliena zuwa Gure

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba wani nau'in fim da manazarta suka daɗe suna rainawa, wato fim ɗin soyayya mai ban dariya na ƙasar Italiya na shekarun 1950. Misalinmu shi ne Pane, amore e fantasia (Burodi, soyayya da mafarki), wanda Luigi Comencini ya shirya a 1953. Masu sharhi sun laƙaba wa irinsa sunan da Faransanci ke kira néoréalisme rose, suna nufin an ɗauki talaucin da Ladri di biciclette (1948) ya nuna tsirara an shafa masa hoda. Abin mamaki, Vittorio De Sica da ya shirya wancan fim na baƙin ciki shi ne tauraron wannan.

Labarin gajere ne. An turo wani shugaban jandarmomi mai suna Carotenuto, gwauro da furfura ta fara kamawa, zuwa ƙauyen Sagliena da ke cikin duwatsu. Idonsa ya faɗa kan wata ƴar talakawa da ba ta da komi sai jaki (Gina Lollobrigida ce ta fito a matsayinta), ita kuwa hankalinta yana ga wani ƙaramin jandarma mai kunya. Da tsohon ya gane, sai ya janye, har ya taimaka aka haɗa su, shi kuma ya koma neman ungozomar garin.

Wanda ya san Gure ba ya bukatar a yi masa bayanin Carotenuto. Gari ne cikin duwatsun Muniyo, sama da kilomita 1000 daga Yamai, inda ma'aikacin da aka turo, jandarma ne ko mushen lakwal, yakan iso da albashi da kaɗaici, duk gari kuma na kallon gidan da zai fara zuwa gaisuwa. Nan ne daɗin fim ɗin yake. Mai kaki yana da iko a ofis, amma a fagen zance tsofaffin mata da masu tsegumi sun fi shi, kuma mai kallo yana dariyar hukuma ba tare da ya ji tsoro ba.

Jigon tsoho mai hali da ke takara da saurayi ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne ƙashin bayan Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar Fespaco a 1972: alhaji ya auri yarinyar da aka yi wa wani alkawari, abin ya ƙare da zubar da jini. Mukan koyar da Ganda don ya hukunta alhaji, mu kau da kai daga raha don ba ta hukunta kowa ba. A ganinmu wannan ma'auni ya yi ƙunci. Comencini ya nuna wa dattijo hanyar da zai sauka da mutuncinsa, abin da hukunci ba ya koyarwa. Raini iri ɗaya ne ya sami littattafan soyayya na Kano da fina-finan bidiyo da suka biyo bayan Turmin Danya (1990), alhali su ne jama'ar Damagaram suka runguma.

Sai dai ba mu wanke fim ɗin sarai ba. Tsummokaran yarinyar ado ne, kuma mafitar da aka ba ta ita ce auren mai albashi. Talaucin ƙauyen yana nan yadda aka same shi. Inda ya yi ƙarfin hali shi ne wajen ungozoma, wadda ta bayyana cewa tana da ɗa ba tare da aure ba, kuma Carotenuto bai guje ta ba. A Italiyar da coci ke da ƙarfi an bar wannan ya wuce cikin dariya. Da wuya mai shirya fim a Kano, musamman bayan kafa hukumar tace fina-finai a 2001, ya bar irin wannan mace ta kai ƙarshen labari ba ta yi kukan nadama ba.