BALLA DA TASHIN TSATTSEWA

Duk wanda ya taɓa tsayawa dab da magariba yana kallon tsattsewa suna shawagi bisa rufin soro ya san ido ba ya iya kama su. Kafin mutum ya ce ga ta nan, ta wuce can. To, ƙaƙa mai zane zai yi ya sa irin wannan tashi bisa ƙyalle wanda ba ya motsi? Wannan ita ce matsalar da wani mai zane na ƙasar Italiya, Jakomo Balla, ya yi fama da ita. Har yau masana ba su daina gardama a kan amsar da ya bayar ba.

An haifi Balla a birnin Turin cikin 1871, ya koma Rum da zama cikin 1895. Da fari shi gwanin kamanta abu ne. Cikin 1902 ya zana ƙofar wani kanti da mai shi ya karye, tana rufe, yara sun yi mata jagwalgwalo da alli. Wanda ya ga hoton sai ya ce ya miƙa hannu ya goge allin. Ya kamata a riƙe wannan, don kada a zaci kasawa ce ta sa daga baya ya bar kamantawa.

Abu biyu suka juya shi. Na farko, aikin wani masani Bafaranshe mai suna Mare, wanda cikin 1882 ya ƙera na'urar ɗaukar hoto mai kama da bindiga, tana ɗaukar hoto 12 cikin daƙiƙa ɗaya. Da ita da waɗansu na'urori ya nuna yadda fiffiken tsuntsu ya ke hawa da sauka daki-daki, abin da ido bai taɓa rarrabewa ba. Na biyu, wata ƙungiya da marubuci Marinetti ya kafa cikin 1909, wadda a ke kira Futurisimo, watau masu ɗokin zamanin gobe. Su a wurinsu ba abin da ya kai gudu kyau, na mota, da na jirgin ƙasa, da na jirgin sama. Balla ya sa hannu a takardar manufarsu ta masu zane cikin 1910, tare da waɗansu samari da shi ya koya musu sana'ar.

Bai yi tsalle ya faɗa ba, sannu a hankali ya bi. Cikin 1912 ya zana wani gajeren kare da uwargijiyarsa ta ke ja da sarƙa. Ya yi wa karen ƙafafu barkatai, da wutsiya fiye da ɗaya, sarƙar kuma tana lilo. Hoton yana da ban dariya, amma har yanzu kare kare ne, kowa ya gani ya gane.

Cikin 1913 ya juya ga tsattsewan da su ke kewaya gidansa, ya yi ta zana su ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A waɗansu zane-zanen a kan ga indararo da ɗan sararin sama. A cikin wanda ya fi shahara, wanda ke ajiye a gidan kayan zane na zamani a birnin Niyok na Amurka, ba za a iya nuna tsuntsu guda a ce ga kansa ga bindinsa ba. Fukafukai ne jere, wani na bin wani kamar sarƙa, sa'an nan ga waɗansu layuka masu lanƙwasa sun ratsa su daga wannan gefe zuwa wancan. Launin ma bai yawaita ba, don kada ya ɗauke hankali daga motsin.

A nan ne mai kallo ya kan ce, ina tsuntsun? Tambayar tana kan hanya, amma akwai amsa. Mai zanen da ya fid da kowane gashi na tsattsewa, da ƙwayar idonta, ya ba da tsuntsu, amma tsuntsu a tsaye cik, kamar wanda aka harbo aka shanya. Ba wanda ya taɓa ganin tsattsewa haka tana cikin tashi. Abin da ido ya ke gani da gaske shi ne hanyar da ta bi, da duhun da ya gilma. Saboda haka a wannan wuri wanda ya bar kamantawa ya fi mai kamantawa kusa da gaskiya. Ga misali a gida. Aikin aska takwas na wuyan riga bai yi kama da askar wanzami ba sai a tsini, amma ba wanda ya ce maɗinki ya yi ƙarya. Ya ɗauki abu guda daga askar, ya bar saura. Haka Balla ya ɗauki tashi ya bar tsuntsu.

Duk da haka an yi hasara, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Tun cikin 1913 zuwa 1914 ya yi zane-zane masu yawa na gudun mota, ya rage siffa har ba sauran kome sai layi da da'ira. Idan aka kai nan, da wuya a bambanta gudun mai rai da na ƙarfe, sai an karanta sunan da aka rubuta a ƙarƙashi. Hoton da sai suna ya taimake shi kuwa ya rasa rabin ƙarfinsa. Zanen tsattsewa ya fi su domin ya tsaya a tsakani, fiffike bai ɓace sarai ba, mai kallo yana da abin kamawa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Mutanen Marinetti ba gudu kaɗai suka yaba ba, har da yaƙi. Cikin 1915 Balla ya yi zane-zane na taron masu kiran Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Almajirinsa Boconi ya shiga soja, ya mutu cikin 1916 bayan ya faɗo daga doki. Daga baya da yawa cikinsu suka bi Musolini. Balla kansa ya sa hannu cikin 1929 a takardar masu zanen jirgin sama, wadda ta ce a riƙa zana duniya yadda matuƙi ya ke hango ta. Amma daga can sama gida da gona da mutum duk layi ne. Idon da ya saba da ganin gudu kaɗai ya kan manta da mai gudun.

Cikin 1937 Balla ya raba gari da ƙungiyar, ya koma zanen fuskokin mutane da itatuwa kamar da, har ya rasu a Rum cikin 1958. Waɗansu sun ce tuba ya yi, waɗansu sun ce tsufa ne. Ko wanne ne, komawarsa ba ta rage darajar aikin 1913 ba. Wanda ya ƙura wa wannan hoto ido, sa'an nan ya fita da yamma ya ɗaga kai, zai ga hanyoyin da tsattsewa su ke shatawa a sama, waɗanda da bai kula da su ba. Mai zane ba ya bukatar shaidar da ta wuce wannan.