Gane Hannun Mai Zane Bayan Shekara 500

Yawancin zane-zanen takarda da gwanayen Italiya suka bari daga ƙarni na 15 da na 16 ba su ɗauke da sa hannun kowa. Takardun gwaji ne: kan wani waliyyi, Maryama rungume da jaririnta, ninkin rigar wani manzo, duk share fagen babban hoton da za a kafa a coci. Maigida da yaransa kuwa a shago ɗaya suke aiki, kuma da kwaikwayon hannunsa yaro yake koyo. To, wane ne ya zana?

Mai gaggawa sai ya karanta sunan da ke gefen takarda ya tafi. Masani ya san sau da yawa wani mai tara zane ne ya rubuta shi daga baya, don burinsa. Shi da takardar yake farawa. Ya ɗaga ta ga haske, sai layukan wayar rariyar da aka tace ta da ita su bayyana, tare da tambarin ruwa, wato alamar masana'anta da ke cikin jikin takardar. Sai ya gwada da littafin Charles Briquet na 1907, mai tambari fiye da 16,000 da aka kwafo daga takardu masu kwanan wata. (Masu nazarin tsofaffin littattafan Kano da Sakkwato sun san wannan dabara, don takardar Italiya mai jinjirin wata uku ta sha ratso Sahara.) Daga nan ya duba tawada: wadda aka haɗa da sinadarin ƙarfe takan koma ruwan ƙasa, har ta cinye takarda inda alƙalami ya danna. Jerin ƙananan hudar allura a kan layi kuma shaida ce an buga garin gawayi ta cikinsu don a mayar da siffar kan bango ko allo.

Duk wannan zamani da gari kawai yake nunawa. Sunan mutum yana cikin hannu. Giovanni Morelli, wanda ya karanci likitanci kafin ya shahara a wannan fage, ya ce a ƙyale fuska da tsayuwa, don nan mai kwaikwayo yake zuba ƙoƙarinsa. A dubi kunne, farce, lanƙwasar yatsa, wuraren da mai zane yake yi bisa sabo ba tare da tunani ba. Leonardo bahago ne, saboda haka layukan inuwarsa suna gangarowa daga hagu ta sama zuwa dama ta ƙasa; almajiri mai hannun dama da ya yi ƙoƙarin binsa, layinsa yakan fito a ɗarare. A ganina shaidar da ta fi daɗi ita ce gyara. Mai ƙirƙira yakan zana hannun waliyyi, ya fasa, ya ɗaga shi sama kaɗan, tsohon layin yana nan. Mai kwafa ba ya fasawa, don amsar tana gabansa.

Ana kuma yaudarar masana. Eric Hebborn, Baturen Ingila, ya riƙa neman tsohuwar takarda yana haɗa tawada irin ta da. Konrad Oberhuber na gidan adana zane na ƙasa da ke Washington ya lura cewa zane biyu da aka danganta ga gwanaye daban-daban, takardarsu iri ɗaya ce, salonsu ma ɗaya: ashe duka hannun Hebborn ne. Shi ya sa kasidun gwanjo suke auna magana: "na wane", ko "ana danganta shi ga wane", ko "daga shagon wane". Kan wani matashin manzo da Raphael ya zana da baƙin alli, wanda masana suka amince nasa ne, an sayar da shi fam miliyan 29.7 a Landan a 2012.