Na'ura Mai Karatu Ba Yankewa: Sharhi Bisa Hanyar NELL

A farkon shekarar 2010 Shehun Malami Tom Mitchell da almajiransa na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka ta da wata na'ura mai suna NELL, watau mai koyon harshe ba yankewa. A wancan lokaci aikinta dare da rana shi ne karanta shafukan intanet na Turanci, kimanin miliyan 500, ta tsamo abin da ta ɗauka gaskiya ne, sa'an nan ta yi amfani da shi wajen karatun gobe. Rahotonsu na wannan shekara ya nuna cikin kwana 67 ta tara maganganu wajen 242,000, kashi 74 cikin ɗari daidai. Lalle wannan aiki ne abin yabo. Amma idan aka gwada hanyar nan da rubutun Hausa, za a ga rauninta a wuri uku.

Na farko, na'urar tana gane suna ta wurin kalmomin da ke kewaye da shi. To, Dutse gari ne, hedkwatar Jihar Jigawa, kuma dutse abin niƙa ne, ga Dutsen Dala a Kano, ga Dutsin-Ma a Katsina. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo siffarsu ɗaya. Inda aka zubar da ƙugiya kuwa, ƙasa da kasa sun zama abu guda. Kuskure ɗaya da ya shige yau shi zai zama malamin gobe.

Na biyu, zamani. Takardun da aka rubuta kafin 27 ga Agusta, 1991, suna sa Dutse da Birnin Kudu da Ringim cikin Jihar Kano, kuma sun faɗi gaskiya a lokacinsu. Haka nan mafi yawan rubuce-rubuce sun san Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi da sarautar Dutse, alhali ya rasu a 2023, ɗansa Hamim ya gaje shi. Na'urar da ke auna magana da yawan maimaituwarta sai ta fifita tsohon labari.

Na uku, abin da ba a rubuta ba. Salsalar dagatai da kirarin garuruwa da tarihin da ke bakin dattawan Kiyawa da Jahun ba su cikin intanet, don haka a wurin na'ura babu su.

Gyaran kuwa yana hannun malaman Hausa: a rubuta da ƙugiya, a sa wa kowane labari shekararsa, a tattara na baka kafin masu shi su ƙaura. Su Mitchell ma da kansu sai da suka riƙa bin bayan NELL suna goge kurakuranta.