Malamin Waƙa da Ba Ya Buɗe Baki

Akwai wani salo da ya shigo mana, mu masu neman shaidar NCE, kuma ni bai kwanta mini ba. In aka tura ɗalibi koyarwar gwaji a firamare aka ba shi darasin waƙa, sai ya cika allo da layuka biyar da alamomin kiɗan Turawa, yara su kwafa don jarrabawa. Wanda ya fi wayewa kuma ya zaro waya, ya haɗa da 'yar sifika, ya saki waƙar yara ta Turanci daga YouTube, ya koma gefe ya harɗe hannu. Har a kaɗa ƙararrawa malam bai rera ko baiti ɗaya ba.

Ba a rasa dalili. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da hukumar NERDC ta tsara ta haɗe kiɗa da zane da wasan kwaikwayo a darasi guda, CCA, sai ya zama wanda ya iya zane shi ake ɗora wa waƙa. Ga kuma kunya. Kiɗa a ƙasar Hausa sana'ar gado ce, saurayin da ke son a kira shi Malam ba ya so a ce ya koma roƙo. Wani uban ma in ɗansa ya dawo ya ce yau kiɗa aka yi, gobe sai ga shi gaban hedimasta.

To amma uban nan shi ke tura yaron Islamiyya da yamma, inda da rerawa ake haddace sifofin Allah da tarihin Annabi (SAW). Da waƙa Nana Asma'u ta karantar da matan karkara ta hannun jajojin 'Yan Taru tun ƙarni na 19. Murya da amshi ba su taɓa zama abin gudu a wurinmu ba.

Mu 'yan Birnin Kudu ma mun fi kowa rashin hujja. A 1955 wani mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya tarar da duwatsu masu amo kusa da zanen shanun da ke duwatsun garin nan, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Ka ɗauki ƙaramin dutse ka buga, nan ya yi sauti siriri, can ya yi mai kauri, ga gurabun da hannun mutanen da suka shuɗe ya ƙwaƙule saboda yawan bugu. Darasin hawa da saukar sauti ke nan a bayan gari, muna ta zana shi da alli.

Dubi gaɗa da kyau. 'Yan mata sun yi rabin da'ira, ɗaya tana ba da waƙa, saura na amshi da tafi, wata ta fito ta faɗo da baya a cafe ta a cilla sama daidai kan bugu. In ta yi jinkiri kaɗan, kowa ya sani, dariya za a yi. Duk abin da ake so yaro ɗan aji biyu ya koya yana nan: riƙe bugu, sauraron ɗan'uwa, sanin lokacin shigowa. Malami zai iya raba aji biyu, ɓangare na tafi, ɓangare na amshi, sannan ya musanya su. In ana son kayan kiɗa, ƙwarya a kife ta isa, da ita Barmani Choge ta yi suna. A Hangari ma waƙoƙin gargajiya masanin kiɗa Zoltán Kodály ya koma wa, ƙauyuka ya bi yana tattara waƙoƙin manoma, kuma a kansu ya gina tsarin koyar da yara da ake koyi da shi a duniya, wanda da murya yake farawa.

Ra'ayina shi ne, kafin a sallami ɗalibi zuwa koyarwar gwaji, a sa shi ya koma garinsu, Sara ne ko Basirka ko Kila, ya zauna da gwaggo da iya ya ɗauko waƙoƙin gaɗa da na reno da na tashe. A nan waya ke da amfani, ya nemi izini ya naɗa. Sai ya tace, don wasu cike suke da habaici da zambon kishiya, ba na aji ba ne. Malamin da zai zo duba shi kuma kada ya tsaya kan littafin shirin darasi kawai, ya ce masa: "Malam, ajiye allin, ba su waƙa mu ji ko za su amsa."